Wane ƙwaro ne ke tsotse mana wake tun yana gona?

Bana waken da na shuka a ɗan filina na bayan Kuje ya yi fure har na fara lissafin buhuna, sai ga kwanso ya fito amma ka matsa ka ji fanko, wani ya yamutse ya bushe tun bai ƙosa ba. Maƙwabtan gona ma haka, kowa ka taɓa sai ya ce "ƙwaro ne", toh wane ƙwaron? Ga tambayoyin da aka yi ta min a bakin gona da abin da na amsa.

Malam, ta ya zan bambance mai tsotso da sauran ƙwari?

Kama shi ka kifar da shi ka duba ƙirjinsa. Mai tsotso ba shi da haƙoran gatsa irin na fara, bakinsa wani siririn tsinke ne kamar allura, yana kwance tsakanin ƙafafunsa, da shi yake huda kwanso ya zuƙe ruwan ƙwayar, shi ya sa ba ka ganin rami ba ka ganin cizo sai dai wake ya lalace. Sannan ka juya bayansa, fikafikan sun hau kan juna sun yi kamar alamar X, rabin sama da tauri rabin ƙasa shara-shara. Buzuzu da ƙwaron da ke huda wake a buhu kuwa layi ɗaya ne miƙe a tsakiyar baya. In kuma ka sake shi hannunka ya ɗau wani wari, kar ka yi mamaki, dangin kuɗin cizo ne.

Wanne ne ya fi yi mana ɓarna?

Wani ɗan ƙarami ne da za ka raina shi sai ka ga aikinsa, masana na ce masa Clavigralla tomentosicollis. Tsawonsa wajen santimita 1, kalar ƙasa-ƙasa da toka-toka, jikinsa da gashi kamar an barbaɗa masa ƙura, kuma kafaɗunsa biyu kowacce da ƙaya. Wannan ƙayar ita ce shaidarsa. Ba ya zama shi kaɗai, uwar tana jera ƙwai a dunƙule kan kwanso ko bayan ganye, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su taru wuri guda suna sha, ni da idona na ƙirga sama da ashirin a kan kwanso ɗaya har da manyan, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗan Afirka ne, ya bazu a ƙasashen kudu da Sahara, kuma duk inda ake noman wake a arewa an san shi. Waken gwari mai itace ma bai bari ba.

Wani ƙaton baƙi fa, mai cinya kamar ɗan dambe?

Anoplocnemis curvipes kenan. Ya kusa santimita 3, kuma namijin ne ke da kumburarriyar cinyar baya da ta lanƙwashe, macen ƙafarta ba ta kai haka ba. Shi har kan tsiro yake soka, in ka ga saman reshe ya langaɓe alhali ƙasa da danshi, duba kusa yana nan. Yana ba da tsoro amma bai cika yawa kamar ƙaramin ba.

Na ga tururuwa cike da kwanson, su ma suna ci ne?

Ƙara dubawa yallaɓai, ba lallai tururuwa ba ce. 'Ya'yan Riptortus dentipes kamarsu ɗaya da tururuwa, har tafiyar. Kifar da ɗaya, in ka ga tsinken nan a ƙirji shikenan. Babban siriri ne dogo, ruwan ƙasa, da farin layi ko rawaya-rawaya a gefen jiki, ƙafar baya da ƙayoyi, kuma kana matsowa ya tashi fir.

Koren nan mai wari da ke kan tumatir da waken suya, shi ne dai na wake?

Shi ne, Nezara viridula. Kore shar, faffaɗa kamar garkuwa, bai kai santimita 2 ba, in ka ƙura ido za ka ga ɗigo uku farare a jere a bayansa kusa da kafaɗa. Abin da ke rikita mutane 'ya'yansa ne, suna ƙanana baƙaƙe ne da ɗige-ɗigen fari da ja, sai sun yi saɓa sau biyar kafin su zama babba, wani dattijo maƙwabcina ya dage ƙwari iri biyu ne, na ce Baba ɗa ne da uwarsa, sai da muka saka su a kwalba ya yarda. Masana na ganin asalinsa daga wajen Habasha ne, amma yanzu ya cika ƙasashe masu zafi, Amurka, Birazil, Indiya har Ostareliya. Kada dai a haɗa shi da jan nan mai baƙin ɗigo da ke tafiya biyu-biyu a manne kan kuɓewa da auduga, wannan Dysdercus ne.

Na ɗau hoto da waya, manhaja ta ba ni suna, in yarda?

A hankali dai. Nawa ma da na gwada sai ta ce min Anasa tristis ne, da na bincika ashe ƙwaron kabewa ne na nahiyar Amurka, me zai kawo shi gonar wake a Kuje? Kama ce kawai, danginsu ɗaya da namu. Duk sunan da waya ta ba ka tambayi abu biyu, a ina ƙwaron yake rayuwa, kuma wane tsiro yake ci. Hoton ma ka ɗauka ta sama da ta gefe, ka ajiye ashana kusa da shi don a ga girma.

Ni SAMPEA 20-T na shuka, ba an ce ƙwari ba sa cin sa ba?

Tsutsa aka ce, ba ƙwari duka ba. Wannan irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019 an yi shi ne saboda tsutsar Maruca mai shiga fure da kwanso. Masu tsotso ba ruwansu da shi, za su sha abinsu.

Duk mai tsinke a baki in kashe kenan?

A'a. Akwai wani mai siririn kai da wuya, tsinkensa gajere ne mai kauri a lanƙwashe, ba ya kwanciya lif a ƙirji. Wannan mafarauci ne, tsutsa da sauran ƙwari yake kamawa ya tsotse, ka bar shi ya yi maka aiki, kuma kar ka damƙe shi da hannu don harbinsa da zafi. Sauran kuwa in filin ba yawa ka fita da sanyin safiya kafin su yi ƙarfin tashi, ka tara bokitin ruwan omo a ƙarƙashi ka girgiza reshen.