Salansar bindiga: me ake nufi da ita, kuma nawa take rage wa kunne?

Duk wanda ya taɓa hawa acaɓa a Gombe ya san salansa, ko da ta hanyar ƙuna ce a ƙwauri. Ita ce bututun da hayaƙin inji ke bi ya fita, kuma ranar da ta fashe, tun daga Tashan Dukku za a ji mashin ɗin yana tahowa. Wannan sunan aka ba wani ƙarfe mai kama da gwangwani dogo da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Asalin kalmar a Turanci yana nufin abin da ke sa shiru, kuma daga nan ruɗanin ya fara, domin ba ta sa bindiga shiru. Rage ƙara take yi. Shi ya sa masana harkar suka fi son kiran ta da sunan da ke nufin mai danne ƙara.

Dangantakar salansar mota da ta bindiga ta wuce suna. Ba'amurken da ya yi rajistar ta bindiga a 1909, Hiram Percy Maxim, ya yi aiki a kan ta injin mota ma, kuma dabarar ɗaya ce. Mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ya ƙera bindigar nan mai ruwan harsashi da ake kira da sunansa, wadda sojojin Turawa suka yaƙi ƙasar nan da ita a 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, nan wajen Bajoga. Uban ya ƙare rayuwarsa da kurumta saboda ƙarar bindigogin da ya yi ta gwadawa.

Idan aka ja kunama, albarushi ya kama, iska mai tsananin zafi da matsi ce ke tunkuɗa harsashi. Da harsashin ya fita, iskar ta biyo shi ta fashe a sarari lokaci guda, wannan ne tsawar da ake ji. A cikin salansa akwai ƙananan ɗakuna a jere, kowane da rami a tsakiya inda harsashi zai wuce. Iskar takan bazu a ɗaki na farko, ta ɗan huce, ta shiga na biyu, haka haka, har ta fita ƙarfinta ya ragu. Kamar ruwan sama ne da ya taru a rariya: in aka sake shi gaba ɗaya ya yi ɓarna, in aka bi da shi ta kwalbati-kwalbati ya fita a hankali.

Ana auna ƙara da desibel. Hira tsakanin mutum biyu kusan 60 ce. Daga 85, in mutum ya yini a ciki awa takwas kullum, kunne ya fara lalacewa, kuma masu injin niƙa sun san wannan a jikinsu. Jiniya in kana gab da ita ta kai wajen 120. Ƙarar da ke zuwa farat ɗaya kuwa, iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa wa babban mutum ita ce 140. Ƙaramar bindiga mai harsashin .22 tana nan wajen 140 ɗin. Manyan bindigogi, irin su AK-47 da mai baki biyu ta farauta, suna tsakanin 150 da 170. Wato harbi ɗaya tak ya isa ya bar wa mutum tabo a kunne.

Salansa mai kyau tana rage tsakanin desibel 20 zuwa 35. A ido kamar kaɗan ne, amma ma'aunin ba irin na mudu ba ne. Duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin ƙarar ya ninka sau goma, don haka rage 30 yana nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ragu sau dubu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a duba inda aka sauka: bindigar da ke 165 ta dawo 135. Har yanzu ta fi jiniya ƙara, har yanzu maƙwabta za su fito su ga me ya faru. Wannan ɗan "fit" da ake ji a fina-finai, mutum ya faɗi ba wanda ya waiwayo, aikin masu haɗa sauti ne.

Akwai kuma ƙarar da salansa ba ta da iko a kanta. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, harsashin AK-47 kuwa ya wuce mita 700. Duk abin da ya fi sauti gudu yana tsaga iska da ƙara mai kama da bulala, kuma wannan a waje take faruwa, bayan harsashi ya bar bututun. Ga kuma ƙarar ƙarafan bindigar kanta. A ƙasashe irin su Finland da Norway mafarauta da yawa na amfani da salansa don kunnensu da na karnukansu, amma likitocin kunne na cewa a haɗa da abin toshe kunne, kada a dogara da ita kaɗai.

Abin da ya sa na damu da zancen, ina da kawu tsohon maharbi a wani ƙauye gefen Kumo. Shekara da shekaru yana harba bindigar toka, ba abin da ya taɓa sawa a kunne sai ɗan auduga wani lokaci, ita kuwa auduga kusan ba ta tare komai. Yanzu in ka zauna ta hagunsa ka ce "Kawu, ina wuni?" sai ya juyo da dukan jikinsa ya ce "Na'am? Dawo ta nan, ɗana." Rediyonsa kullum a manne da kunnen dama. Da dare yakan ce akwai gyare a cikin kansa da ba ya yin shiru. Haka abin yake ga mai harbi da hannun dama: kunnen hagu ne ke fuskantar bakin bindiga, na dama kuwa kai da kafaɗa sun ɗan kare shi.

A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi, kusan 16,000 a kowane ɓangare, su ke mayar da girgizar iska ta zama ji. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa, ba allura ba maganin ɗigawa. Dum ɗin da kunne ke yi bayan harbi, wanda muke cewa zai wuce, alama ce an taɓa su.

A wurinmu salansa ba kayan kowa ba ce. Bindigar ma sai da lasisi a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. Abin da ke hannunmu shi ne ɗan soson toshe kunne, wanda in an murza shi an tura shi ciki yadda ya kamata yana rage desibel 20 zuwa 30, kusan aikin salansa, a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. In aka ɗora murfin kunne a kai, kariyar ta ƙaru. Mafarauta da 'yan banga suna bukatarsa, haka 'yan bindigar fada da ke harbi a hawan sallah. Yaran da ke rububin matsawa kusa da su in an cika bindiga, su ya fi kamata a ja baya, domin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa yaro 120 ce, ba 140 ba.