Wolfgang Paul da rariyar tace ƙwayoyin zarra: tambayoyi da amsoshi

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya, saboda an sami maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Wani ɗalibina a nan Kaduna ya tambaye ni yadda ake gano gubar da ido ba ya gani a cikin wake mai kyan gani, irin wanda ake aunawa da mudu a kasuwar Kawo. Amsar tana kai mu ga aikin wani masanin fiziks Bajamushe, Wolfgang Paul.

Wace na'ura ce ke gano irin wannan guba?

Na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari ce, wato ƙananan ɓangarorinsa da ido ba ya gani. Kowane sinadari yana da nauyin ƙwayarsa, don haka idan aka san nauyin, an kama hanyar sanin sunansa. Da farko ana ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, su zama abin da ake kira ayon, domin sai mai caji ne lantarki ko maganaɗisu ke iya juyawa. Daga nan sai a raba su gwargwadon nauyinsu da cajinsu, a ƙirga. J.J. Thomson da Francis Aston ne suka fara wannan aiki a Kambirij ta Ingila, kuma na'urar da Aston ya ƙera a 1919 ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1922.

To, mene ne Paul ya ƙara?

Na'urorin farko sun dogara ne da maganaɗisu mai nauyi da tsada. Paul, wanda aka haifa a 1913 kuma ya zama farfesa a Jami'ar Bonn a 1952, ya wallafa wata maƙala tare da Helmut Steinwedel a 1953, inda suka nuna cewa za a iya raba ayon ba tare da maganaɗisu ba ko kaɗan. Dabarar da ta fito daga nan ita ce sandunan ƙarfe huɗu a jere, biyu suna fuskantar biyu, ana sa musu lantarki mai sauya fuska kamar sau miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ayon yana bi ta tsakaninsu yana tangaɗi; wanda nauyinsa ya dace da ƙarfin lantarkin da aka saita shi kaɗai ke fita ta ɗaya ƙarshen, sauran kuwa su kauce su bugi sandunan. Mai tankaɗe takan sauya rariya idan tana son gari mai laushi, amma a nan sauya ƙarfin lantarki kawai ake yi. Ana kiran na'urar kwadrufol, kuma a ganina wannan ne aikinsa da ya fi taɓa rayuwar talaka, domin shi ya sa na'urar ta ƙanƙance, ta yi araha, ta shiga ɗakunan gwaji na yau da kullum.

Ana cewa ya ɗana wa ayon tarko. Yaya ake tsare abin da ba a iya taɓawa?

Lantarkin da ba ya sauyawa ba zai iya riƙe ayon a wuri ɗaya ba, ko da yaya aka tsara shi. Dubi sirdin doki: gaba da baya ya ɗaga, gefe da gefe ya gangara. Idan aka ɗora ƙwallo a tsakiyarsa, nan take zai gangare ta gefe. Amma idan sirdin yana juyawa da saurin da ya dace, kafin ƙwallon ya yi nisa gangaren ya riga ya zama hawa, sai ya komo tsakiya. Paul da kansa ya riƙa nuna wannan misali da ƙwallon ƙarfe a kan faranti mai siffar sirdi. Lantarki mai sauya fuska shi ke yin aikin juyawar, har ayon ya zauna a sarari ba ya taɓa komai. A 1980 masana a birnin Heidelberg na Jamus, ciki har da Hans Dehmelt, suka tsare ayon guda ɗaya tak na sinadarin bariyam a irin wannan tarko, suka ɗauki hotonsa.

Wace karramawa ya samu?

A 1989 shi da Dehmelt suka raba rabin lambar Nobel ta fiziks, ɗaya rabin ya tafi ga wani masanin fiziks Ba'amurke, Norman Ramsey. Paul ya rasu a Bonn a 1993.

Ina ake amfani da aikinsa yau?

Da kwadrufol ake neman ragowar maganin ƙwari a wake, da gubar fumfuna a gyaɗa da masara, da dalma a jinin yara, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan ƙananan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Motar bincike ta Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012 tana ɗauke da kwadrufol guda ɗaya. Tarkon ayon kuwa da shi ake gina wasu agogunan da suka fi kowanne daidaito, da wasu kwamfutocin kwantam, wato sabon nau'in kwamfuta mai aiki da ɗabi'un ƙwayoyin zarra. Manomin citta na Kachia da ke son kayansa su tsallaka teku, sau da yawa sai samfurinsu ya bi ta tsakanin waɗannan sanduna huɗu kafin mai saye ya amince.