Masallacin Babban Gwani, daga ina aka taso?

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na babban masallacin ƙofar fada a birnin Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Tun daga ranar samari a cikin birni suke ta tambaya wai shekarun masallacin nawa, wa ya gina shi, alhali nan suke Juma'a tun suna riƙe wa iyayensu darduma.

To abin ya samo asali ne bayan jihadi. Da Malam Musa ya zo da tuta daga wajen Shehu Usmanu, Sarkin Zazzau Makau ya bar garin ya yi kudu wajen Zuba, 'yan uwansa ne suka kafa Abuja ta asali wadda yau ake cewa Suleja. Sarauta ta shiga zagaye gidaje, Mallawa, Barebari, Katsinawa, daga baya Sulluɓawa. Sarki na farko daga gidan Katsinawa, Abdulkarim, shi ya sa aka gina masallacin a shekarun 1830, maginin kuwa Muhammadu Durugu ne, wanda duniya ta sani da Babban Gwani, har unguwa guda ke amsa sunan nan a birni.

Wanda ya taɓa shiga ciki ya ɗaga kai ya san me nake nufi, ba rodi ba siminti, ƙasa ce da tubali da azara, amma ka ga bakan gizo ya taso daga ginshiƙi ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan uwansa can sama, ginshiƙan da kaurinsu mutum ɗaya ba zai rungume ba, ga zane a jikinsu, kuma ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi. A da ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) daga Samaru suke zuwa su auna shi su zana.

A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, tsohon ya koma ciki. An yi ne don jama'a ta ƙaru, wannan ba laifi. Amma ginin ƙasa yaɓe yake so duk bayan damina, yana son magini da zai shafa bango ya gane inda ruwa ya shiga, su kuma masu wannan sana'a kullum raguwa suke tunda kowa ya koma bulo. Ganuwa ma haka ta tafi, ka bi daga Ƙofar Doka zuwa Kuyambana ko Ƙofar Gayan ka gani, wani wuri gidaje sun hau kai, wani wuri an kwashe ƙasar an yi gini.

Abin da ya fi ci min rai, a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan ake buga littattafan da Arewa ta karanta, amma labarin unguwanninmu, Kwarbai, Anguwan Juma, Limancin Kona, yawancinsa a bakin tsofaffi yake, wanda aka rubuta kuma da Turanci ne yana kwance a laburaren jami'a. Tarihin sarakuna an adana, daga Malam Musa har zuwa Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli da ya hau a 2020. Na magina da marina da dukawa ne ba a bi ba, kuma jikokinsu suna nan a zaurukansu, wayar hannu ta isa a naɗi muryarsu.