Tangarɗar Mariskai a Yara Masu Wahalar Koyo

Tangarɗar mariskai yanayi ne da ƙwaƙwalwar yaro ke kasa tantance saƙonnin da ido, kunne, hanci, harshe da fata ke aiko mata, alhali gaɓoɓin lafiyarsu lau. Masana na ƙara mariskai biyu a kan biyar ɗin da aka sani: na daidaiton jiki da ke can cikin kunne, da na tsoka da gaɓɓai, wanda ke sanar da mutum inda hannunsa yake ko da idonsa a rufe. An fi ganin matsalar a yara masu wahalar karatu da rubutu, da masu galahanga, wato otizim.

Tarihi

Wadda ta fara tsara wannan fahimta ita ce Jean Ayres, Ba'amurkiya masaniyar gyaran jiki ta hanyar ayyukan yau da kullum, wadda aka haifa a 1920. Tun wajajen shekarun 1960, tana Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ta lura da yaran da ba su da raunin basira amma riƙe fensir ko zama wuri guda ya gagare su. A littafinta na 1972 ta danganta hakan da yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙonnin taɓawa, motsi da daidaito, ta kuma ƙirƙiro jinya ta wasa da lilo da makamantansa. A 1997 Winnie Dunn ta kasa yaran gida huɗu: masu neman ƙarin motsi da ƙara, masu guje musu, masu saurin damuwa da su, da waɗanda saƙon ke wucewa ba su ankara ba. Yaro ɗaya kan iya faɗawa gida biyu, ya tsani hayaniya amma ya so tsalle.

Saɓani

Ba a yi ittifaƙi cewa cuta ce mai zaman kanta ba. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a nemi larurar da ke ƙarƙashinta, kuma kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya sanya ta ne cikin alamomin galahanga. Hujjar amfanin jinyar Ayres ma ba ta yi ƙarfi ba.

Alamomi

A makarantar allo ko Islamiyya, inda kowa ke ɗaga murya da karatunsa, yaro mai saurin damuwa ba ya iya tsamo muryar malam daga cikin sauran. Sai ya toshe kunne ko ya sulale waje. Ƙarar janareta da odar 'yan kabu-kabu na yi masa haka. Wani kan ƙi sabuwar rigar makaranta saboda sitaci da ɗinkin wuya, ya yi ihu wurin aski ko kitso, ya tofar da kunu don ɗan gudaji. Zafin Sakkwato, da kan haura digiri 40 a Afrilu, da bushewar fata lokacin hunturu, na ƙara tsananta abin. Wanda saƙon tsoka bai isa gare shi sosai kuwa, danna fensir yake har ya karye, yana bangazar 'yan'uwansa ba da gangan ba. Galibi taurin kai ake ɗauka, bulala kuma ƙara firgita shi take.

Kulawa

Matakin farko shi ne gwajin ji da gani, domin ciwon kunne mai ruwa da sanƙarau na barin raunin ji da ke kama da wannan matsala. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, duk a jihar Sakkwato, na cikin wuraren da ake kai yara. Iyaye su yi mako biyu suna rubuta abu uku: me ya faru kafin rikicin, me yaron ya yi, me ya kwantar da shi.

A aji, a zaunar da shi gaba, nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya a lokaci guda. A wanke sabuwar riga kafin ya sa, a cire tambarin wuyanta. A sanar da shi kafin a taɓa shi. Riƙo mai ƙarfi ya fi masa sauƙi a kan shafa sama-sama. Aikin ƙarfi na minti biyar zuwa goma kafin darasi, kamar ɗaukar buta cike da ruwa ko tura benci, kan natsar da wasu. Sabon abinci a ɗora cokali ɗaya gefen wanda ya saba, ba ɗura. Yakan kai gwaji goma zuwa sha biyar kafin ya karɓa. Idan ya fara zufa ko tashin zuciya a kan lilo, a tsaya nan take. Yaron da ba ya jin zafi sosai a riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, a kuma nisanta shi da murhu.