Daga masana'antar wayar ƙarfe zuwa gyaran fuska: waiwaye kan Kazanjian

Mutane da yawa in suka ji an ce wane ƙwararre ne a tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska sai su ɗauka ai mai cire haƙori ne kawai, alhali a ƙasa irin Ingila sai ka yi digirin haƙori ka ƙara da na likitanci kafin a kira ka ƙwararre a fannin. Ba don a wahalar da ɗalibai aka tsara haka ba, abin yana da asali, kuma rayuwar Varaztad Kazanjian ta isa ta nuna shi.

Ɗan Armeniya ne, an haife shi 1879 a ƙarƙashin daular Usmaniyya, ya je Amurka a 1895 yana matashi ya kama aiki a masana'antar wayar ƙarfe a garin Worcester. Daga baya ya shiga makarantar haƙori ta Harvard ya gama a 1905. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, a 1915 ya bi tawagar likitocin Harvard zuwa Faransa, to a nan ne fa ya ga abin da babu littafin da ya shirya shi a kai. Soja yana cikin rami, kansa kaɗai ke leƙowa, harsashi ko ɓaraguzan bam su ɗauke masa haɓa ko rabin muƙamuƙi, ga shi da rai amma ba ci ba magana. Likitan tiyata ya iya ɗinke fata amma bai san yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa ba, in kuwa ƙashi ya warke a karkace shi ke nan mutum ba zai ƙara tauna daidai ba. Shi kuma Kazanjian da haƙoran da suka rage yake farawa, ya ɗaure su da waya su zauna a mazauninsu, sai ƙashin ya bi. Sojoji wajen 3,000 suka bi ta hannunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi bayan yaƙi. Mutumin da Sarkin Ingila George na Biyar ya karrama, yana da shekara 40, ya koma aji ya zauna da yara yana karatun likitanci, ya gama a 1921, don ya ga takardar haƙori kaɗai ba za ta ba shi damar yin duk aikin da majinyacinsa ke buƙata ba. A 1941 ya zama farfesan tiyatar gyaran jiki na farko a Harvard, ya koyar, ya kuma rubuta littafi kan raunukan fuska tare da John Converse a 1949.

Waɗanda suka biyo baya ma haka suka bi. Hugo Obwegeser ɗan Austriya ya haɗa karatun biyu, ya samu horo a wajen Harold Gillies, shahararren likitan gyaran fuska, a Ingila, sannan a 1957 shi da malaminsa Trauner suka wallafa hanyar tsaga muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki a turo shi gaba ko a mayar baya ba tare da tabo a fuska ba. A 1966 ya je asibitin soja na Walter Reed a Washington ya nuna wa likitocin Amurka aikin, daga nan suka riƙa zuwa birnin Zurich inda yake aiki suna tsayawa kusa da shi a ɗakin tiyata, don irin wannan aiki sai ka gani da ido an kuma riƙe maka hannu.

Har yau dai ba a daidaita ba, a Amurka akwai horon shekara 4 bayan digirin haƙori, akwai kuma na shekara 6 mai haɗe da digirin likitanci, duka biyun kuma ƙwararru suke fitarwa.