Tsarin PPO na Medicare: abin da dattijo ya kamata ya sani kafin ya sa hannu

Da zarar mutum ya doshi shekara 65 a Amurka, sai tallace-tallacen kamfanonin inshorar lafiya su fara yi masa sallama, ta wasiƙa da talabijin. Galibinsu abu ɗaya suke nanatawa: ba kuɗin wata-wata, ga haƙori da ido da kunne duk a ciki, kuma kana iya ganin likitan da ka ga dama. Wannan alkawari na ƙarshe na tsarin da ake kira PPO ne, kuma akwai gaskiya a cikinsa, sai dai gaskiyar tana da farashi.

Medicare shi ne shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba wa hannu a 1965. Sashen A na kwanciya asibiti ne, sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje, sashen D kuma na magani. Wanda ya tsaya kan Medicare na asali yana iya zuwa wurin duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar, amma shi zai biya kashi 20 cikin ɗari na yawancin hidimomin sashen B, kuma babu iyakar da kuɗin zai kai a ce ya tsaya. Sashen C, wanda dokar 2003 ta raɗa wa suna Medicare Advantage, wata hanya ce daban: gwamnati ta biya kamfani mai zaman kansa, irin su UnitedHealthcare ko Humana, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin lafiyarka. Tun daga 2023 fiye da rabin waɗanda suka cancanta suna wannan hanya. PPO reshe ne a cikinta.

Ga yadda yake. Kamfanin yana da jerin likitoci da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniyar farashi da su. Ka je wurin na cikin jerin, ka biya kaɗan. Ka je wurin na waje, kamfanin zai biya wani kaso, amma naka rabon ya fi nauyi. Ba ka buƙatar takardar turawa kafin ka ga ƙwararren likitan zuciya ko na ƙashi. A nan ya bambanta da ɗan uwansa HMO, wanda in ka fita daga jerin ba don larurar gaggawa ba, yawanci kai kaɗai za ka biya.

To, inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wannan magana ta “likitan da ka ga dama”. Kamfani ya yarda ka fita, amma doka ba ta tilasta wa likitan waje ya karɓe ka ba, in ba gaggawa ba ce. Yana iya cewa ba ya hulɗa da katinka, shi ke nan. Sannan iyakar kuɗin da za ka kashe daga aljihunka a shekara kashi biyu ce. Domin shekarar 2025, gwamnati ta yanke cewa iyakar cikin jeri kada ta wuce dala 9,350, amma in an haɗa ciki da waje tana iya kaiwa dala 14,000. Kamfanoni da yawa sukan sa ƙasa da haka. Talla kan nuna ƙaramar lambar da manyan haruffa. Dattijon da likitan ciwon dajinsa ba ya cikin jerin, babbar lambar ce tasa. Kuɗin magani ma ba ya shiga wannan lissafi, yana da tasa iyakar, dala 2,000 a 2025, bisa dokar rage hauhawar farashi ta 2022.

“Ba kuɗin wata-wata” shi ma yana son gyara. Dole ka kasance kana da sashen A da B kafin ka shiga, kuma za ka ci gaba da biyan kuɗin sashen B, wanda ya kasance dala 185 a wata ga yawancin mutane a 2025. Akwai kuma neman izini: kamfanin na iya cewa sai ya amince kafin a yi maka wani aikin tiyata ko hoton MRI. In ya ƙi, kana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, kuma bai kamata a ji nauyin yin hakan ba.

Batun magani gajere ne. Yawancin tsarin PPO suna haɗe da shi. In ka zaɓi wanda ba shi da shi, ba a yarda ka sayi sashen D daban ka haɗa ba.

Abin da a ganina ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne hanyar komawa. Shiga tana da sauƙi, domin kamfani ba ya iya ƙin ka saboda ciwon da kake da shi. Komawa Medicare na asali ma an yarda. Matsalar ita ce inshorar cike giɓi da ake kira Medigap, wadda ke biyan wancan kashi 20. Wanda ya shiga Medicare Advantage tun farkon cancantarsa a shekara 65 yana da wata 12 na gwaji, a ciki zai iya fita ya sayi Medigap ba tare da an duba tarihin lafiyarsa ba. Bayan nan, a yawancin jihohi kamfani na iya ƙin sayar masa, ko ya tsawwala farashi saboda ciwon suga ko na zuciya. New York da Connecticut na cikin ’yan jihohin da suka hana haka. Ke nan mutum na iya shiga yana da ƙoshin lafiya, sai ciwo ya zo, ya tarar fita ta yi tsada.

Iyayenmu da ke zaune a wurare irin su unguwar Bronx ta birnin New York suna da ƙarin lissafi. Mai katin zama na dindindin da bai yi aikin shekara 10 yana biyan harajin Medicare ba, shi ko matarsa, sai ya zauna shekara 5 a jere kafin ya iya shiga, kuma zai biya kuɗin sashen A. Medicare ba ya bin mutum gida Kano ko Kumasi, haka ma Makka lokacin Hajji; wasu tsarin PPO kan biya larurar gaggawa a ƙasar waje, don haka a duba takarda kafin a sayi tikiti. Wanda ya yi fiye da wata 6 a wajen yankin da tsarinsa ke aiki, a ƙa’ida ana cire sunansa.

Jerin likitoci da farashi suna sauyawa duk shekara, kuma kamfani kan aiko takardar sauye-sauye kafin ƙarshen Satumba. Lokacin sauya tsari daga 15 ga Oktoba ne zuwa 7 ga Disamba, sai wata dama ga waɗanda ke cikin Medicare Advantage daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris. Kafin a sa hannu, a kira ofishin kowane likita da Baba ko Hajiya ke gani, a faɗi cikakken sunan tsarin, a tambaya ko suna cikin jerinsa na shekara mai zuwa. Kowace jiha tana da ofishin ba da shawara kyauta da ake kira SHIP, wanda a New York sunansa HIICAP, kuma ma’aikatansa ba sa karɓar kamasho daga kamfanonin inshora.