Waiwaye: Yadda 'yan tanis ɗin Koriya ta Kudu suka daina dogara da mutum ɗaya a Kofin Davis

Duk mai bin wasan tanis ya san cewa wasa ne na kowa tasa ta fishshe shi, kai kaɗai ne a fili da raket ɗinka, in ka ci naka in ka faɗi naka. Amma akwai gasar da ake ajiye wannan son kan a ɗauki tutar ƙasa, wato Kofin Davis, wanda aka fara tun 1900 tsakanin Amurka da Birtaniya. A tsarin da aka saba da shi ƙasa biyu ke karawa a wasa biyar, huɗu na ɗaya-da-ɗaya sai guda na biyu-biyu, wadda ta riga cin uku ita ta wuce. To a nan ne fa matsalar Koriya ta Kudu take tun fil azal, don sukan samu gwarzo guda, amma gwarzo guda wasa biyu kawai zai iya ciwo maka shi kaɗai, na ukun dole sai da wani.

Sun fara shiga gasar a 1960. Sun kai rukunin manya na ƙasashe 16 a 1981 da 1987, kuma duka biyun ko wasa ɗaya ba su ci ba a zagayen farko, New Zealand ta musu 5 da nema, Faransa ma haka. Daga nan sai shiru na shekara 20.

Wanda ya dawo da su shi ne Lee Hyung-taik, kuma gaskiya mutumin nan bai samu yabon da ya kamace shi ba a wajen ƙasarsu. Ɗan ƙauye ne daga lardin Gangwon, ya kai zagaye na huɗu a US Open a 2000 inda Pete Sampras ya tsayar da shi, a 2003 kuma ya doke Juan Carlos Ferrero a wasan ƙarshe a Sydney ya zama ɗan Koriya na farko da ya ɗaga kofin ATP, wato manyan gasannin ƙwararrun 'yan tanis maza. Mafi girman matsayinsa na 36 a duniya ne, a 2007, yana da shekara 31, lokacin da wasu ke shirin rataye raket. A wannan shekarar ne suka je har gidan Silobakiya a wasan neman gurbi, Lee ya ci wasanninsa biyu kuma ya shiga na biyu-biyun aka ci, duka maki ukun da hannunsa a ciki. Da suka haɗu da Jamus a 2008 ya doke Florian Mayer amma aka fitar da su 3 da 2, Holan ma ta musu 3 da 2 a wasan tsira, shikenan suka koma rukunin Asiya. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka, kuma da Lee ya ja baya sai ƙungiyar ta zama kamar ba a taɓa yi ba.

Sai ga Chung Hyeon, yaron nan mai tabarau. A Australian Open na 2018 ya fitar da Zverev, ya fitar da Djokovic, ya kai wasan kusa da na ƙarshe, sai ƙafarsa ta yi bororo har ya kasa ƙarasa wasa da Federer. Ya hau na 19 a duniya, babu ɗan Koriyan da ya taɓa kai nan. Kowa ya ce ai ga wanda zai ɗauki ƙasar, amma ina, ciwon baya ya saka shi gaba shekara da shekaru, abin tausayi wallahi.

Akwai wani abu da ba za ka gane nauyin rigar ƙasa a Koriya ba sai ka san shi, aikin soja. Duk namiji lafiyayye dole ya yi, wajen wata 18 a sojan ƙasa, kuma ga ɗan tanis wannan ba ƙaramin abu ba ne don makin da ka tara na shekara guda ne, in ba ka buga ba sai ya zube ka dawo daga ƙasa. Hanyar tsira ita ce lambar zinare a wasannin Asiya ko kowace lamba a Olamfik. Chung ya samu tasa tun 2014 a Incheon, a wasan biyu-biyu shi da Lim Yong-kyu. Kwon Soon-woo kuwa bai samu ba, a Hangzhou a 2023 wani ɗan Tailan da ke can ƙasa sosai a jadawali ya fitar da shi, ya farfasa raket ya ƙi miƙa hannu, daga baya ya rubuta takardar neman afuwa. Abin da ya yi bai dace ba kam, amma in ka san abin da ya kuɓuce masa a ranar za ka gane inda zafin ya fito. Tagulla suka ƙare da ita a wasan biyu-biyu shi da Hong Seong-chan.

Amma dai zamanin Kwon ɗin ne ƙungiyar ta zama ƙungiya. A Maris 2022 sun doke Ostiriya 3 da 1 a Seoul suka tafi Valencia ta Sifen wasannin rukuni na manya, a can Kwon ya doke Félix Auger-Aliassime na Kanada, Kanadar da ta zo ta ɗauke kofin a wannan shekarar. Ba su fita daga rukuni ba.

Wanda ni na fi so a tuna shi ne Fabrairun 2023, da Beljiyam, a Seoul. Ranar farko Zizou Bergs ya doke Kwon, David Goffin ya doke Hong, 2 da nema, saura ɗaya a tattara kaya. Washegari Song Min-kyu da Nam Ji-sung, mutanen da ba kowa ya san sunansu ba, suka tsaya gaban Gille da Vliegen waɗanda wasan biyu-biyu ne sana'arsu a manyan gasa, suka cinye su 7-6, 7-6. Kwon ya faɗi set na farko, wato kashin farko na wasan, a hannun Goffin, mutumin da ya taɓa zama na 7 a duniya, sannan ya farfaɗo ya kwashe biyun da suka rage. Sai komai ya dawo kan Hong, wanda jiya-jiya aka doke, ba shi da dukan ƙarfi sai naci da mayar da ƙwallo har abokin karawa ya gaji ya yi kuskure, kuma haka ya yi wa Bergs. 3 da 2. Maki uku daga mutum huɗu, shekara biyu a jere a cikin manya, abin da ko Lee bai gani ba.

A Valencia kuma a 2023 an sake fitar da su, gaban Sabiya da Sifen da Jamhuriyar Czech, a 2024 ma Kanada ta tare musu hanya a Montreal. Har yanzu ba su da 'yan wasa biyu a cikin 100 na farko da za su daɗe tare, kuma duk wanda ya taso sai maganar soja ta biyo shi a daidai shekarun da ya fi ƙarfi.